Tafireta a Kontagora: Gyaranta Kafin Sayarwa Amana Ce

Daga cikin kayan da magada kan tarar a ɗakin tsohon akawu idan Allah Ya yi masa cikawa, ko waɗanda ake fitarwa daga sito ranar da wani ofishi ya ƙudura share tarkacensa, da wuya a rasa tafireta, wadda galibi akan same ta a ƙarƙashin gado ko bisa kabad, ƙura ta rufe ta, zanzaro ya yi gini a cikinta, har wanda bai riski zamaninta ba ya ɗauka ba ta da sauran amfani illa a ɗora ta a sikeli a sayar wa 'yan gwangwan. A Kontagora, kamar sauran garuruwan Arewa da suka daɗe da mulki da shari'a da fatauci, irin waɗannan injuna suna nan a hannun jama'a, kuma duk wanda ya mallaki ɗaya yana tsakanin hanya biyu: ko dai ya sallamar da ita a matsayin ƙarfe, ko kuwa ya nemi mai gyara ya duba ta, a san abin da ke lafiya da abin da ya lalace, sa'an nan a sayar wa mabukaci bisa gaskiya. Hanya ta biyu ita ce ta dace da mai hankali, domin mafi yawan tafiretocin da ake cewa sun mutu dauɗa ce da rashin kula suka ɗaure su, kuma gyaran da ake yi musu gabanin ciniki, muddin an bi ƙa'idarsa, fasaha ce da amana a haɗe.

Yadda ta shigo ƙasar Sarkin Sudan

Sa'ad da Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kontagora a wajen 1864, dukkan wasiƙar da ta fita daga fada da alƙalamin kara da tawada magatakarda ya rubuta ta, cikin Larabci, kamar yadda al'adar Daular Sakkwato ta gudana. A daidai wannan zamani ne, can a birnin Milwaukee na Amurka, wani ma'abucin ɗab'i mai suna Christopher Latham Sholes da abokan aikinsa suke fama da ƙirar injin da zai buga haruffa a kan takarda, har suka sami takardar mallakar fasaharsu a 1868, kamfanin Remington kuma, wanda aka fi sani da ƙera bindigogi, ya fara sayar da injin a 1874. Jerin haruffan da suka tsara a wancan lokaci shi ne har yau yake a kan kwamfuta da wayar hannu.

Bayan da sojojin Turawa suka ci Kontagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim, suka kuma mai da Zungeru mazaunin mulkinsu na Arewa a shekarar da ta biyo, sai garin ya zama hedikwatar lardi mai ɗauke da sunansa, kafin a rushe lardin a cikin shekarun 1920 a haɗe Kontagora da Lardin Neja. Mulkin Bature kuwa mulkin takarda ne: rahoton Razdan, lissafin haraji da jangali, ƙiyasin kuɗin baitulmali, umarnin Di'o zuwa ga hakimai, kowanne ana son kwafinsa biyu ko uku, ɗaya a aika, ɗaya a sa a fayil. Wannan bukata ce ta zaunar da tafireta da takardar kabon a ofisoshin lardi, daga nan suka gangara ofisoshin En'e. Akawunan farko yawancinsu mutanen Kudu ne da na Saliyo da Gwalkwas, sannu a hankali 'ya'yan ƙasa da suka fito daga makarantun Midil suka karɓa, musamman bayan da aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wadda daga baya ta zama cibiyar koyon aikin mulki ta unguwar Kongo. Wanda ya je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna zai ga fayilolin lardunan nan, shafi bisa shafi, aikin yatsun waɗannan bayin Allah.

Ƙasar nan tana da wata alaƙa ta musamman da rubutun boko, domin Alhaji Abubakar Imam, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a watan Janairun 1939, a Kagara aka haife shi a 1911, lokacin tana cikin Lardin Kontagora. A zamaninsa ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a rubutun Hausa. Amma da yake tafiretocin da ake kawowa don Ingilishi aka ƙera su, sai akawu ya buga b da d da k, in ya zare takarda ya bi su da alƙalami yana yi musu ƙugiya, ko ya wadatu da ɗigon waƙafi a gefensu, ko ma ya bar mai karatu ya rarrabe da kansa tsakanin kafa da ƙafa.

Daga ofis tafireta ta fito bakin titi. A gaban kotu da gidan waya, a garuruwan Arewa baki ɗaya, an saba ganin malamai zaune da ɗan teburi a inuwa, suna buga wa jama'a takardar rantsuwa, da shaidar shekarun haihuwa, da takardar neman aiki, da ƙorafi zuwa ga hukuma, da yarjejeniyar sayen gona ko gida. Manomin da bai yi boko ba ya faɗi damuwarsa da Hausa, ko Kambarci, ko Dakarci, malam ya zuba ta a takarda cikin lafazin da hukuma ke saurara. A makarantu kuwa da ita ake yanka sitansil na tambayoyin jarrabawa, a kai wa injin Gestetner ya buga ɗaruruwa. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a wannan shekara, ofisoshi suka yawaita, 'yan mata da samari suka duƙufa neman shaidar Pitman da RSA, ana auna gwaninta da yawan kalmomin da mutum ke bugawa a minti guda.

Sai kwamfuta ta zo, shagunan buga takardu suka cika gari, manyan kamfanoni kuma suka janye ɗaya bayan ɗaya. Imperial na birnin Leicester a Ingila ya rufe masana'antunsa a tsakiyar shekarun 1970. A 2011 labari ya bazu cewa Godrej na Mumbai a Indiya ya daina ƙerawa. A watan Nuwamban 2012 kuma kamfanin Brother ya fitar da tafireta ta ƙarshe da aka ƙera a Birtaniya. Ma'anar wannan ga mai gyara a Kontagora a fili take: ba a sake ƙera kayan gyaran Imperial 66 ko Olympia SG3 ba, saboda haka kowace tafireta da aka farfasa aka narkar ta tafi da sifirin da sukurori da haruffan da za su iya tayar da 'yan uwanta da yawa.

Bincike gabanin kwancewa

Ƙa'idar farko wadda tsofaffin masu gyara suka yi ittifaƙi a kanta ita ce kada a ɗauki sukudireba sai an gama dubawa, domin injin da ke da sassa fiye da dubu, waɗanda aka daidaita su tun a masana'anta, kwance shi abu ne mai sauƙi, mayar da shi ne jidali. Ko ɗaukarta ma da ladabinsa: babbar tafiretar ofis takan kai kilo 15 ko fiye, kuma ta ƙasa ake tallabo ta da hannu biyu, ba a kama karusa, wato sashen sama mai ɗauke da takarda yana tafiya hagu da dama, don kada layin da take gudu a kai ya karkace.

Idan an ajiye ta a teburi mai ƙarfi inda haske ya wadata, sai a sa takarda a bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya, manyan baƙaƙe da ƙanana, ana rubuta duk abin da aka gani. A nan ne ake gane cewa da yawa daga abin da mai kaya ya ɗauka lalacewa ce, rashin sani ne kawai. Ƙananan tafiretoci na tafiye-tafiye, irin su Olivetti Lettera 32 wadda ta fito a 1963, suna da makullin da ke riƙe karusa don kada ta yi ta kai da komo a hanya, kuma wanda bai san da shi ba zai rantse injin ya ƙage. Wani lokaci yara ne suka tura alamomin iyakar gefe biyu suka haɗe su a tsakiya, karusa ta rasa filin tafiya. Wani lokaci kuma harafi yana bugun takarda amma ba ya barin tawada, alhali dalilin bai wuce cewa an bar ɗan hannun zaɓen launi a kan farin ɗigo ba, wanda shi ne matsayin yankan sitansil, inda ribin ba ya tashi ko kaɗan. Haka nan mai saye na zamani yakan nemi lamba 1 ya rasa, ya ce maɓalli ya ɓace, bai san cewa tsofaffin injuna da yawa ba a yi musu ita ba, ƙaramin harafin l ake bugawa a madadinta.

Ƙura, mai da tsatsa

Yanayin ƙasarmu yana yaƙar tafireta ta fuska biyu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana tura mata ƙura mai laushi cikin kowace kafa, da damina kuma laima tana sauka kan ƙarfe ta haifar da tsatsa. Amma abin da ya fi waɗannan biyu ɓarna shi ne kyakkyawar niyya marar ilimi, wato mutum ya ga haruffa suna nauyi ya ɗauko baƙin mai, ko man gyaɗa, ya tuttula. Sandunan haruffa suna zaune ne a cikin wani ƙarfe mai siffar rabin da'ira, kowace da tsagarta, kuma an yi wannan wuri ne don ya yi aiki a bushe. Da zarar mai ya shiga, ƙura ta same shi, sai su zama danƙo, harafi ya tashi ya ƙi komowa, na bayansa ya zo ya hau kansa.

Maganin wannan haƙuri ne da tsabta. Da farko a fitar da ita waje a hure ta da famfon keke, a bi da buroshi mai laushi, a ciro ginin zanzaro da sheƙar ɓera da ƙwan kyankyaso. Sa'an nan a shimfiɗa tsumma a kan fenti da maɓallai, a ɗiga sifirit cikin tsagogin da ɗan buroshi, ana danna kowane harafi ana ɗaga shi da yatsa, ana share baƙin ruwan da ke fitowa, a bar ta ta bushe, gobe a maimaita, domin danƙon shekara talatin ba ya narkewa a zama ɗaya. Waɗansu da fetur suke yi saboda sauƙin samunsa, amma haɗarin gobara da ke tattare da shi ya isa ya sa mai hankali ya nisanci wuta da ɗaki rufaffe; kananzir kuwa yana barin maiƙo wanda zai sake kiran ƙura. Jikin injin da tambarinsa tsumma mai ɗan danshi da sabulu ya ishe su, don sifirit yana cin fenti. Fuskokin haruffa, musamman a da e da o waɗanda cikinsu ke toshewa da busasshiyar tawada, da tsinken allura ake sakace su a hankali. Mai kuwa, in ya zama dole, man keken ɗinki ne, ɗigo guda a bakin tsinke, a kan layin karusa da 'yan wuraren da ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe, a share ragowar nan take.

Idan bayan wankewa wani harafi ɗaya ya ci gaba da maƙalewa a bakin ƙofar da haruffa ke shiga kafin su taɓa takarda, to sandarsa ce ta ɗan karkace, galibi saboda wani ya taɓa fizge haruffan da suka cakuɗe da ƙarfi. Da yatsa ko filaya mai santsin baki ake mayar da ita, kaɗan kaɗan, ana gwadawa, domin kan harafin da dalma aka liƙa shi, in ya ɓalle kuwa sai an sami gwanin da ya iya zaunar da shi daidai da 'yan uwansa.

Karusa da igiyarta

Duk tafiyar karusa a kan abu uku ta dogara: sifirin da ke naɗe cikin wani gwangwani a bayan injin, da igiyar da ta haɗa gwangwanin da karusa, da kuma wani ɗan faifai mai haƙora wanda ke sakin karusa taki ɗaya a duk bugu. Takin nan ƙayyadadde ne, haruffa 10 a inci ɗaya ga masu manyan baƙaƙe, 12 ga masu ƙanana. Idan haruffa suna taruwa a wuri guda, mai gyara yakan ja karusa hagu da hannu a hankali yana danna sandar tazara. In ta riƙa tafiya taki taki, to faifan lafiya lau yake, igiya ce ta tsinke ko ta kuɓuce. Wannan kuwa gyara ne mai araha, domin zaren kamun kifi mai kauri, ko zaren da baduku ke ɗinkin takalmi da shi, yana tsayawa a madadinta: a auna tsawon tsohuwar, a juya gwangwanin 'yan zagaye har sifirin ya ɗauki ƙarfi, a riƙe shi gam don in ya kuɓuce yana yanka yatsa, sa'an nan a ratsa da igiyar ta ƙarƙashin karusa a ɗaure a ɗaya gefen. In ƙarfin ya yi kaɗan haruffa za su cunkushe a ƙarshen layi, in ya yi yawa kuma haƙoran faifan ne za su riƙa shan wahala.

Idan kuwa karusa tana tsallake, tana barin gurbi a tsakiyar kalma, to ko dai dauɗa ce a faifan, wadda sifirit zai kawar, ko hannun mai bugawa ne bai daidaita ba, ko kuwa haƙori ya cinye ko ya karye. Na ƙarshen nan shi ne babban aibi, domin ba shi da magani sai an ciro faifai daga wata tafireta irinta, kuma a nan ne ake gane hikimar masu gyara da ba sa yar da matacciyar tafireta, sai su jingine ta a lungun shago, sun san da tsohuwar zuma ake magani.

Rola, ribin da daidaiton layi

Babbar rolar da takarda ke naɗuwa a kanta roba ce, roba kuwa zafin bazara yana busar da ita har ta yi tauri. Alamar haka ita ce ƙara mai tsanani, da ɗigon aya yana huda takarda, da takarda tana zamewa layi ya karkace. A goge ta da sifirit, a ɗan bi ta da sanfefa mai laushi don ta sake kama takarda, a kuma riƙa sa takarda biyu ko uku a baya domin su tare bugun. Waɗansu sukan sanya mata tsohon tub na keke, dabarar da ke aiki idan kaurin bai canja ba. A ƙarƙashinta akwai ƙananan roli masu matse takarda, waɗanda kan lotse idan an ajiye injin shekaru a matse, shi ya sa ake son duk mai ajiye tafireta ya saki hannun sakin takarda tukuna. Ƙafafun roba da suka narke kuwa daga tsohuwar taya ake yanko madadinsu.

Ribin faɗinsa rabin inci ne a yawancin injuna, kuma har yanzu ana samun na nailan, baƙi zalla ko baƙi da ja. Inda ya yi wuya, akan warware ribin tsohuwar firinta mai allura, idan faɗin ya yi daidai, a naɗa a kwarkwaron asali. Saboda haka kada a kuskura a yar da kwarkwaron ƙarfe da aka tarar a jikin injin, musamman na Olivetti wanda ke da 'yan sukurorin da ke danne shi. A kusa da kowane ƙarshen ribin akwai ɗan zobe ko ƙulli wanda shi ke juya tafiyarsa idan ya ƙare, in babu shi a injin da ke bukatarsa sai ribin ya tsaya wuri guda har ya huje. Jiƙa busasshen ribin da tawadar hatimi, ko da yake yana baƙanta rubutu na 'yan kwanaki, yana toshe haruffa, kuma idan an yi shi don a burge mai saye ya shiga babin algus.

Daga ƙarshe a duba zaman manyan baƙaƙe da ƙanana, a buga H da h a jere a ga ko gindinsu ya zauna a layi ɗaya. In ɗaya ya hau sama, akwai sukurori masu iyakance hawa da sauka, waɗanda ake juyawa kaɗan bayan an yi wa matsayinsu na farko alama. A gwada ƙararrawar ƙarshen layi, da maɓallin komawa baya, da hannun sauya layi. A kuma lura da alamomin da ke kan maɓallai, domin suna ba da labarin injin: mai alamar fam don kasuwar Ingila da ƙasashen da ta mallaka aka yi ta, kuma bayan da naira ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairun 1973, akawuna sukan buga N, su koma baya, su ɗora mata alamar daidai. Wadda aka tarar an sa mata ɓ da ɗ da ƙ kuwa, ko wadda ke buga Larabci karusarta tana tafiya ta ɗaya gefen, abu ne da ya cancanci a yi tunani sau biyu kafin a rabu da shi.

Hukuncin aibi a ciniki

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ya yi umarni da a rubuta bashi, marubuci kuma ya rubuta da adalci. Injin da ya shafe shekaru yana hidimar wannan umarni a yarjejeniyoyin mutane bai dace a rufe tarihinsa da ha'inci ba. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, a babin ciniki na Risala wadda almajiran ƙasar nan ke karantawa a zaure, ya bayyana haramcin algus da yaudara da ɓoye aibi. Kuma Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi masa inkarin rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Malaman Malikiyya sun tabbatar wa mai saye zaɓi idan ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa, ko ya riƙe kayan, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa.

A sha'anin tafireta ɓoye aibi yana da ƙofofi sanannu: a fesa sabon fenti a kan tsatsa, a tuttula mai don haruffa su yi gudu na yini ɗaya, a kankare lambar da masana'anta ta buga a jikin ƙarfe wadda da ita ake gane shekarar ƙira, ko a haɗa sassan injuna biyu a ce asali ne. Hanyar kuɓuta daga dukkan wannan ita ce takardar gwaji: a buga dukkan haruffa da lambobi, manya da ƙanana, baƙi da ja, a rubuta kwanan wata da lambar injin, a jera abin da aka canja da abin da ya gagara, a miƙa wa mai saye tare da kujera ya zauna ya buga da hannunsa, kamar yadda mai sayen sa a kara ba ya biya sai an tayar masa da shi ya ga tafiyarsa. Abin da ake so a ji daga bakin mai sayarwa bai wuce ya ce: “Alhaji, ga ta nan. Igiyarta sabuwa ce, ni na sa. Rola ta bushe, sai ka riɓa takarda. Harafi kaza yana ɗan hawa sama, ban iya saukar da shi ba.” In an taya ya ga bai yi masa ba ya ce albarka, in ya yi ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya tashi ba haƙƙin wani a wuyansa.

Akwai wasu haƙƙoƙi biyu da ake yawan mantawa. Na farko, tafiretar mamaci dukiyar magada ce, ba ta halatta ga ɗa ɗaya ya sayar ba da yardar sauran ba, haka nan ta ofis dukiyar jama'a ce, ba ta fita sai ta hanyar gwanjon da hukuma ta yi izini. Na biyu, a cikin akwatinta sau da yawa akan tarar da tsofaffin wasiƙu da takardun kabon masu ɗauke da sirrin mutane, na aure da bashi da shari'a, waɗanda wajibi ne mai gyara ya mayar wa masu su ba tare da ya bi su da karatu ba.

Masu saye da farashi

Masu nemanta a yau ba su kai na da ba, amma suna nan: mai buga takardu a bakin kotu wanda ba ya son aikinsa ya tsaya don an ɗauke wuta, ko da yake madatsun Kainji da Shiroro a jihar nan suke, makarantar da ke koyar da aikin ofis, masu shirya finafinan Hausa da ke bukatar kayan zamanin En'e, da masu sha'awar tara kayan tarihi a manyan birane da ƙasashen waje. Labarin waɗannan na ƙarshe yakan ruɗi mutane, musamman idan suka ji cewa a watan Disamban 2009 an yi gwanjon Lettera 32 ta marubucin Amurka Cormac McCarthy a kan dala 254,500. Sunan mai ita da littattafan da ya rubuta da ita aka saya, domin irinta ba ta da wuyar samu. Darasin da ke ciki ga mutanenmu shi ne asalin abu yana ƙara masa daraja idan gaskiya ne, saboda haka wanda ya san tafiretarsa ta yi aiki a ofishin En'e ko kotun alƙali ya rubuta abin da ya tabbatar, kada ya ƙara ko kalma ɗaya don neman riba.

Abin da ya rage shi ne a ceci sana'ar kanta, domin masu gyaran da suka koye ta a hannun wakilan kamfanoni sun manyanta, kuma ilimin yana cikin yatsunsu, ba a littafi ba. Matasan da ke gyaran keken ɗinki da agogo a kasuwar Kontagora sun riga sun mallaki rabin abin da ake bukata, wato natsuwa da sanin sifirin da sukuru. Saura su durƙusa gaban dattawan nan tun suna raye. Ya kuma kamata Majalisar Masarautar Kontagora, da ƙaramar hukuma, da manyan makarantun da ke garin, kowace ta ware 'yan tafiretoci daga sitonta kafin ranar gwanjo, a gyara su, a rubuta ofishin da kowace ta yi wa aiki da shekarun da ta yi, a ajiye inda ɗalibai za su gani su kuma taɓa. Sauran a gyara a sayar wa masu bukata, aibinsu a bayyane, waɗanda suka gagara kuma a ba masu gyara su ciri kayan aiki, kada ko ɗaya ta hau sikeli sai gwani ya duba ta ya tabbatar babu abin da za a mora. Allah Ya sa albarka a sana'ar masu sana'a, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna a saye da sayarwa, amin.